Jagorar Tara Kan Sarkin Haraji da na Gudummawa na Tunawa da Waɗanda 'Yan Nazi Suka Zalunta

Da Jamus ta miƙa wuya ranar 8 ga Mayu 1945, waɗanda suka fito da rai daga sansanonin gwale-gwale irin su Buchenwald, Dachau, Sachsenhausen da Ravensbrück sun tarar babu gida, babu sutura, wasu ma babu dangi. Garuruwa sun zama kufai, baitulmali kuma wayam. Ɗaya daga cikin dabarun da aka yi don samo kuɗin kula da su, daga baya kuma don gina wuraren tunawa da mamatansu, ita ce buga ƙananan takardu masu danƙo a baya: wasu a sayar a gidan waya, wasu a liƙa a littafin ɗan ƙungiya, wasu a ba wanda ya yi gudummawa a matsayin shaida. Su ne wannan jagora ke magana a kai, musamman na Jamus daga 1945 zuwa farkon shekarun 1960, lokacin da ƙasar take rabe biyu: gabas a hannun Sobiyet, yamma a hannun Amurka da Birtaniya da Faransa.

Kafin ka kashe ko sisi, ka riƙe tambayoyi uku da za ka yi wa duk kan sarkin da ya zo hannunka: wa ya buga shi, wa ya biya, kuma ina kuɗin ya tafi. Wanda bai iya amsa su ba hotuna kawai yake tarawa, kuma shi ne dillalai suka fi so.

Mataki na farko: ka iya rarrabe iri huɗu

Duk wanda ya taɓa ganin an liƙa kan sarki a rasit ko takardar yarjejeniya a Najeriya, aka rattaba hannu a kansa, ya riga ya san aikin kan sarkin haraji: shaida ce cewa an biya hukuma haƙƙinta, ba ruwansa da kai wasiƙa. A Jamus ta bayan yaƙi kusan kowace ƙaramar hukuma tana da nata, ana liƙa shi a takardar shaidar zama, takardar haihuwa ko kwafin da aka tabbatar. Za ka ga an rubuta Gebührenmarke ko Verwaltungsgebühr, tare da sunan gari. Wannan iri na farko ke nan. Shi kaɗai, a ware daga takarda, ba ya faɗar komai game da waɗanda aka zalunta. Takardar da yake kai ce ke haɗa shi da su.

Iri na biyu shi ne na kuɗin ƙungiya, Beitragsmarke. A watan Maris 1947 aka kafa ƙungiyar waɗanda mulkin Nazi ya tsananta wa, wadda aka fi sani da VVN, a birnin Frankfurt. Ɗan ƙungiya yana da ɗan littafi mai gidaje, idan ya biya kuɗin wata sai ma'aji ya liƙa masa kan sarki a gidan watan. Alamar da za ka riƙa gani ita ce jan alwatika mai kallon ƙasa, wadda aka ɗinka wa fursunonin siyasa a riga a cikin sansanoni, su kuma suka mayar da ita tambarinsu.

Na uku na gudummawa ne, Spendenmarke. Babu dole a kansa a hukumance, ko da yake a masana'antu da makarantun Jamus ta Gabas ƙin saye ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Na farko-farko suna ɗauke da rubutun Opfer des Faschismus, wato waɗanda mulkin fasist ya zalunta, ko a taƙaice OdF, sunan kwamitocin da aka kafa a 1945 don kula da waɗanda suka tsira. A Berlin wanda ya jagoranci kwamitin shi ne Ottomar Geschke, shi ma tsohon fursuna. A can aka yi taron tunawa na farko ranar 9 ga Satumba 1945, a filin wasa na unguwar Neukölln da aka sa wa sunan Werner Seelenbinder, ɗan kokawar da aka kashe a 1944. Daga nan Lahadi ta biyu ta Satumba ta zama ranar tunawa, shi ya sa watan Satumba ke yawan fitowa a irin waɗannan takardu.

Na huɗu kan sarkin wasiƙa ne mai ɗori, wato farashi biyu da alamar tarawa a tsakani: na farko kuɗin kai wasiƙa, na biyu na taimako. Masu tsattsauran ra'ayi a harkar za su ce wannan ba na haraji ba ne, kuma gaskiyarsu. Amma ni ina ganin tarin da babu su gurgu ne, domin su ne aka fi rubuta tarihinsu, da su ake auna sauran. A watan Oktoba 1945 yankin Mecklenburg-Vorpommern ya fitar da guda uku: Rudolf Breitscheid a kan 6+14, Erich Klausener a kan 8+22, Ernst Thälmann a kan 12+28. Ka lura ɗorin ya ninka kuɗin wasiƙar fiye da sau biyu. Ka kuma lura da zaɓin mutanen: ɗan jam'iyyar SPD, jagoran 'yan Katolika da aka harbe ranar 30 ga Yuni 1934, da shugaban 'yan kwaminis da aka kashe a Buchenwald a watan Agusta 1944. Bayan 'yan shekaru irin wannan haɗin ya yi wuya a gabas.

Akwai wani ɗan shuɗin kan sarki na fenik 2 (fenik shi ne kwabon Jamus na lokacin) da aka rubuta wa Notopfer Berlin, wanda za ka ci karo da shi a kusan kowane ƙunshi. Haraji ne na gaske, dole ne a liƙa shi a wasiƙu a yammacin Jamus daga 1 ga Disamba 1948 zuwa 31 ga Maris 1956, amma kuɗinsa na tallafa wa Berlin ta Yamma ne bayan Sobiyet ta toshe mata hanyoyi. Ba shi da alaƙa da waɗanda aka zalunta, kuma biliyoyi aka buga. Idan wani ya tallata maka shi a matsayin na waɗanda aka zalunta, ka san da wa kake ciniki.

Mataki na biyu: ka yanka wa kanka gona daidai ƙarfinka

Fagen yana da faɗi. Faransa ta fitar da kan sarki mai ɗori a 1945 don ƙauyen Oradour-sur-Glane, inda dakarun Nazi na SS suka kashe mutum fiye da 640 ranar 10 ga Yuni 1944. Folan ta fitar da na sansanin Majdanek a 1946, sannan na boren unguwar Yahudawa ta Warsaw a 1948. Cekoslobakiya ta yi na ƙauyen Lidice, wanda 'yan Nazi suka rushe, a 1947. Ostiriya ta fitar da guda takwas a Satumba 1946 don baje kolin Niemals vergessen, wato kada a taɓa mantawa, a Vienna, bayan hukumomin mamaya sun hana fitar da wasu zane biyu, waɗanda yanzu suka fi sauran tsada nesa ba kusa ba, jabunsu kuma ya yi yawa. Ba za ka iya bin duka ba. Ka zaɓi ƙungiya ɗaya, ko gari ɗaya, ko sansani ɗaya.

Ga mai farawa, shawarata ita ce wuraren tunawa uku na Jamus ta Gabas. A 1955 aka kafa kwamitin gina su ƙarƙashin Firayim Minista Otto Grotewohl, aka yi ta tara kuɗi ta kan sarkin wasiƙa mai ɗori da na gudummawa. An buɗe na Buchenwald ranar 14 ga Satumba 1958, na Ravensbrück a Satumba 1959, na Sachsenhausen a Afrilu 1961. Labarin yana da farko da ƙarshe, kayan suna da yawa a kasuwa, kuma yawancinsu ba su da tsadar da za ta ja hankalin mai jabu.

Mataki na uku: kayan aiki

Matsefata mai faɗin baki ta masu kan sarki, ba mai tsini ba. Gilashin ƙara girma mai ninki goma. Ma'aunin haƙora, ɗan kati ne da ke nuna yawan haƙoran gefen kan sarki a cikin santimita biyu. Fitilar gane jabun kuɗi irin ta 'yan canji. Kundi mai aljifai, da littafin rubutu. Na wasiƙa kuwa sai katalogin Michel, wanda dillalan Jamus ke ambaton lambobinsa. Tsohon bugu ma ya wadatar, lambobin kake buƙata ba farashin ba. Na haraji, jerin da Martin Erler ya tsara shi ne abin dogaro. Na ƙungiya da na gudummawa kuwa da yawansu ba su shiga manyan katalogi ba, don haka littafin rubutunka shi ne katalogin da za ka fi dubawa.

Mataki na huɗu: ka koyi sa wa kan sarki shekara

A nan ne aikin yake, a nan ne kuma daɗinsa. Yawancin na gudummawa da na ƙungiya ba su da kwanan wata, sai ka bi sawu.

Ka fara da kuɗin da aka rubuta. RM ko Rpf, wato tsohon kuɗin Jamus Reichsmark da kwabonsa, na nufin an buga shi kafin canjin kuɗi na Yuni 1948. Bayan nan DM, wato sabon kuɗi Deutsche Mark, kuma a nan mutane ke tuntuɓe, domin gabas da yamma duk sun yi amfani da waɗannan haruffa. A gabas DM ta zauna har 1964, MDN ta karɓa daga 1964 zuwa 1967, daga 1968 kuma M kawai. Idan ka ga tsohon farashi na RM an buga masa sabo da hannu, to kana riƙe da kayan watannin canji, lokacin da ba wanda zai zubar da takarda mai kyau.

Sai sunan ƙungiya. An rushe VVN a Jamus ta Gabas a Fabrairu 1953, aka maye gurbinta da wani kwamitin tsofaffin 'yan gwagwarmaya da ke ƙarƙashin ikon jam'iyya mai mulki. Saboda haka kan sarkin VVN na gabas ba zai wuce farkon 1953 ba. A yamma ƙungiyar ta ci gaba, amma cikin matsi: SPD ta hana 'ya'yanta zama a cikinta a 1948, a 1950 gwamnatin Adenauer, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, ta sa ta a jerin ƙungiyoyin da ma'aikacin gwamnati ba zai shiga ba, a shekarar kuma wasu suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiyar mai suna BVN. Harafi ɗaya ne ya raba sunayen biyu, amma siyasarsu hannun riga ce, kada ka haɗa su a shafi ɗaya ba bayani. Idan ka ga VVN-BdA, to daga 1971 ne zuwa sama. Littafin ɗan ƙungiya da biyan kuɗinsa ya tsaya cak a 1948 ko 1950 yana iya zama shaidar wannan matsi, amma yana iya zama mutuwa ce ko ƙaura ko talauci. Ka rubuta abin da ka gani, ka bar abin da kake zato a gefe.

Sai ƙasan takarda. Abin da aka buga a Jamus ta Gabas yakan ɗauki wata 'yar lambar izinin ɗab'i da ƙananan haruffa a gefe ko a gindi, kuma sau da yawa lambobi biyu a cikinta shekarar bugu ce. A kan sarki guda ɗaya da ƙyar ka gan ta, a gefen cikakken falle ko bangon littafi take, wanda dalili ne babba na kada ka yage gefen falle don ya shiga aljihun kundi.

Na ƙarshe, hatimi. A 1945 da 1946 ofisoshi sun ci gaba da aiki da tsofaffin fom da hatimai, sai dai an kankare gaggafar da alamar Nazi daga hatimin, ko an shafe ta da baƙar tawada. Rami a tsakiyar hatimi alama ce mai kyau ta watannin farko.

Mataki na biyar: kada ka raba kan sarki da takardarsa

Masu tara kan sarkin wasiƙa sun saba jiƙa ambulan a ruwa su ɓamɓare. A wannan fage yin haka ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Kan sarkin ƙaramar hukuma na fenik 50 a ware kusan ba shi da daraja. Shi ɗin dai a kan takardar da ke tabbatar da cewa wane ya dawo garinsu daga tsare, da kwanan wata da sa hannun magatakarda, ya amsa tambayoyin nan uku gaba ɗaya. Haka littafin ƙungiya: a cikinsa kake ganin lokacin da kuɗin wata ya tashi, lokacin da launi ya canza, da watan da aka liƙa na gudummawa na musamman a shafin baya. Wannan jeri shi ke ba ka damar sa wa waɗanda ka saya a ware shekara.

Akwai wani reshe da ya cancanci nema: takardun tafiya na wucin gadi da hukumomin mamaya na yamma suka ba mutanen da ba su da fasfo, ciki har da waɗanda suka tsira daga sansanoni suna neman ƙaura. Ana liƙa musu kan sarkin izinin tafiya, wasu da farashi, wasu an rubuta kyauta ne. Waɗannan na haraji ne na haƙiƙa.

Sai ka yi hattara da takardun neman diyya. Jamus ta Yamma ta yi dokar diyya ta tarayya a 1953, ta faɗaɗa ta a 1956, kuma neman diyyar a gaban hukumominta ba a biya masa kuɗi. Shi ya sa takardu da yawa na wannan harka ke ɗauke da hatimin gebührenfrei maimakon kan sarki. Idan ka ga irin wannan hatimi kuma ga kan sarki a gefe, ka duba da gilashi ko hatimin ofis ya hau kan sarkin ya sauka a takardar. Idan bai hau ba, mai yiwuwa wani ne ya liƙa daga baya don ya ƙara farashi.

Mataki na shida: saye

Kasuwar tana intanet: Delcampe, eBay na Jamus, da Philasearch da ke haɗa gwanjon gidaje da yawa. Ka yi nema da Jamusanci, domin da shi masu kayan ke rubutu: OdF Spendenmarke, VVN Beitragsmarke, VVN Mitgliedsbuch, Fiskalmarke, Vignette. A bayanin kaya, postfrisch na nufin danƙonsa lafiya lau, Falz akwai tabon liƙi a baya, ohne Gummi babu danƙo, Beleg yana kan takarda, Konvolut ƙunshi ne a haɗe, geprüft kuma gwani ya duba. Nachdruck da Fälschung ka gudu, sai dai idan don kwatance kake so.

A gwanjo farashin da aka buga maka ba shi ne ƙarshe ba, akwai la'adar gida da kan kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye, ga kuɗin aikawa. Mai saye daga Najeriya ko Nijar ya tambayi mai kaya tun kafin ya taya ko yana aikawa ƙasarsa, ya nemi wasiƙa mai rajista, ya kuma tara sayayya ta zo a ambulan ɗaya tsakanin kwali biyu. Ka tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya biya a waje, don ba abin da ke ɓata suna a wannan ƙaramar kasuwa kamar cin gwanjo a kasa biya. Za ka ga dillalan Jamus suna rufe alamar Nazi a hotunan kayansu. Sashe na 86a na dokar laifukansu ne ya sa, ba ɓoye aibi ba ne, amma kana da damar neman hoton baya da na gefuna.

Mataki na bakwai: gane jabu

Ka kashe wuta ka haska fitilar 'yan canji. Takardar 1945 zuwa 1948 mai arha ce, ga ɓurɓushin itace, takan yi duhu a ƙarƙashin fitilar. Idan ta yi fari fat mai shuɗi-shuɗi, akwai sinadarin ƙara haske da bai yaɗu ba sai a shekarun 1950, sai ka yi shakka. Da gilashi kuma, bugun tsohon inji yakan danne takarda ya bar tawada ta taru a bakin harafi, na firintar zamani kuwa ɗigo-ɗigo ne masu launi a warwatse. Rashin kyau ba shi ne jabu ba: haƙora marasa daidaito, danƙon da aka shafa tsilla-tsilla don tsimi, launi mai bambanta daga falle zuwa falle, duk halin lokacin ne. Wanda ya fi kyau fiye da kima shi ne abin tsoro.

Akwai kuma abin da ba jabu ba ne amma ba gaskiya ce cikakkiya ba. A 1945 da 1946 ƙananan garuruwa da yawa a yankin Sobiyet sun buga kan sarkinsu, har da masu sunan OdF, irin na garin Storkow. Wasu buƙata ce ta sa, wasu kuwa dillalai ne suka zuga don a sayar wa masu tarawa. Michel yana raba na hukuma da waɗanda ba na hukuma ba, ka karanta wannan rabe-raben kafin ka taya. Duk abin da farashinsa zai yi maka ciwo, kada ka saya sai da takardar gwani na BPP, ƙungiyar masu tantance kan sarki ta Jamus.

Mataki na takwas: ajiya a ƙasar zafi

Takardar nan mai tsami ce, tana cin kanta ko a Turai, balle a nan. Da damina laima na narkar da danƙo ya manne da kundi, ga fumfuna da jajayen tabo. Da hunturu takarda ta bushe ta nannaɗe, ta karye idan aka tilasta ta. Ka sa kundin a tsaye, ba a kwance ba, cikin akwatin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin sinadarin tsotse danshi irin na cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa shanya su ko canza su. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka nisanta shi da bango saboda gara, kyankyaso kuma danƙo abincinsa ne. Leda mai laushi mai warin roba tana ɓata tawada, ka nemi aljifan da aka yi don ajiyar takardu. Salatif, gam da liƙe takarda da leda mai zafi duk haramun ne a nan. Idan ƙarfen da aka ɗinke littafin ƙungiya ya yi tsatsa, ka buɗe ƙafafunsa a hankali ka zare, ka ajiye shi a ƙaramin ambulan tare da littafin, ka rubuta cewa kai ka cire.

Mataki na tara: rubutu, da sunayen mutane

Kowane abu ya samu layinsa a littafi: iri, mai bugawa, farashi, launi, haƙora, girma da milimita, shekarar da ka sa masa da dalilinka, da inda ka saya. Idan tarin ya yi kauri za ka fara ganin waɗanda aka yi ta bugawa da waɗanda aka yi shiru a kansu. Fuskokin 'yan gwagwarmayar siyasa ne suka cika na gabas. Tun a 1945 katin shaidar OdF ya bambanta wanda ya yi gwagwarmaya da wanda aka zalunta kawai, kuma Yahudawa, waɗanda aka kashe musu mutum miliyan shida, da farko a baya aka sa su. 'Yan Sinti da Roma, ƙananan ƙabilun da 'yan Nazi suka karkashe su ma, sai a 1982 gwamnatin Jamus ta Yamma ta amince cewa kisan ƙare dangi aka yi musu. Wannan ya kamata ya fito a bayanin shafukanka.

Littattafan ƙungiya da takardun shaida suna ɗauke da suna, hoto, ranar haihuwa, wani lokaci har lambar fursuna. Kana iya neman sunan a rumbun Arolsen Archives, wanda ke riƙe da takardu kusan miliyan 30 game da mutum kusan miliyan 17.5, kuma wani ɓangare mai yawa yana intanet kyauta. Sau da yawa za ka samu katin shigarsa sansani, ka tabbatar takardar hannunka ta gaskiya ce. Amma 'ya'ya da jikokin mutanen nan suna raye. Idan za ka sa hoton takarda a Facebook ko ka aika wa ƙungiyar masu tarawa don neman bayani, ka rufe suna da adireshi da ranar haihuwa, ka bar kan sarkin da hatimin a buɗe, su ne dai ake tambaya a kai. Idan kuma takarda ta haɗa da wasiƙun iyali ko hotuna, ka rubuta wa rumbun ko gidan tarihin sansanin da abin ya shafa, ka aika musu kwafi mai kyau na gaba da baya tare da bayanin inda ka same ta da ranar da ka saya.